Darasi na 14: Sauya wa Tsohuwar Motar Daji Bodi a Garejin Gida

Ba kowace mota ake ɗaga wa bodi ba. Golf da Corolla da Peugeot 504 salun, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, bodinsu shi ne ƙashinsu. Tun daga masana'anta aka haɗe su da walda, in ka raba su ba ka da mota. Motocin daji kuwa, irin su Land Rover da Land Cruiser da Hilux, gininsu daban ne. A ƙarƙashinsu akwai shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka ɗaure da wasu gajeru a gicciye, kamar tsani a kwance. A kansa inji da giyabos da aksul da sifirin suke. Bodi zama kawai yake yi a sama, notuna ke riƙe da shi. Abin da noti ya ɗaure kuwa sifana na iya kwance shi, shi ya sa mutum zai iya sauya wa irin wannan mota bodi a tsakar gidansa.

Jos ta gaji waɗannan motoci da yawa. A 1948 aka fara ƙera Land Rover a Ingila, lokacin da ƙarfe ya yi ƙaranci bayan yaƙin duniya na biyu, don haka aka yi mata bodi da alminiyam, aka bar shasi na ƙarfe. Kamfanonin kuza na Bukuru da Barikin Ladi, da ma'aikatun gwamnati, da 'yan mishan, da likitocin dabbobi, duk sun yi aiki da ita a hanyoyin da ba su san kwalta ba. A ƙarshen shekarun 1970 har an riƙa haɗa ta a masana'antar Leyland ta Ibadan. Daga baya motocin Toyota suka ƙwace kasuwa. Yau za ka ga tsohuwar Hilux ta ɗebo buhunan dankalin Turawa daga Bokkos, ko ta kwaso masara daga kasuwar Mangu, bodinta ya sha duka har ba ka gane launinsa, amma injin na nan da ransa. Mai irin wannan mota ba shi da kuɗin sabuwa, kuma ba lallai ne ya buƙace ta ba. In ya samu bodin wata da injinta ya mutu, zai iya tayar da mota guda daga biyu.

Abin da nake so ku riƙe tun daga nan shi ne, sunan aikin sauya bodi, amma rabin aikin a shasi yake. Mota tana iya yin shekara arba'in babu wanda ya ga saman shasinta. Ranar da aka ɗaga bodi ita ce ranar da za a gan shi, kuma wanda ya yi saurin rufe shi don ɗokin ganin mota ta yi kyau ya yi asarar dama.

Takarda kafin sifana

Irin wannan mota tana ɗauke da lambarta a wuri biyu. Ɗaya an buga ta a jikin ƙarfen shasi. A tsohuwar Land Rover tana gaba ta hannun dama, wajen da sifirin ke rataye, a Toyota ma galibi tana kan ƙarfen dama kusa da tayar gaba. Ɗayar kuma tana kan wani ƙaramin faranti da aka liƙa a bangon da ya raba inji da direba, wanda za mu riƙa kira bangon gaba. Wannan bango na cikin bodi. Saboda haka duk wanda ya ɗora bodin wata mota a kan shasinsa ya haɗa lamba biyu da ba su san juna ba, kuma jami'in da ya buɗe bonat a hanya farantin zai fara gani.

Maganin wannan ba a gareji yake ba. Kafin a kwance noti ko ɗaya, a je ofishin VIO, wato masu duba lafiyar motoci, da ofishin lasisi da takardun motar, a faɗi abin da ake son yi, a bi matakan da suka gindaya. Dokar hanya ta wajabta sanarwa in aka sauya wa mota launi ko inji, sabon bodi kuwa kusan kullum da nasa launin yake zuwa. Wajen sayen bodin a karɓi rasit mai ɗauke da sunan mai sayarwa, da lambar motar da aka ciro shi daga kanta, da sa hannun shaidu. Mai sayarwar da ya ƙi rubuta lamba a rasit, a bar masa kayansa komai araharsu. Kada kuma wani ya ba ka shawarar goge lamba da giranda ko buga wata da guduma. Wannan laifi ne, kuma shi ne aikin da ɓarayin mota suke yi. In aka kama ka da shi, babu wanda zai tsaya jin cewa da kuɗinka ka saya.

Zaɓen bodi

In ka shiga Dilimi ko garejojin Farin Gada a Jos kana neman bodi, kada ka tafi da ido kawai. Ka tafi da tef da littafi.

Awo na farko shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar tayar gaba da tsakiyar tayar baya. Tsofaffin Land Rover, daga ƙirar 1958 har zuwa Series III da aka yi tsakanin 1971 da 1985, tsawo biyu ne da su: gajeriya inci 88, doguwa inci 109. Wadda ta gaje su daga 1983, wadda aka sa wa suna Defender a 1990, doguwarta inci 110 ce. Inci guda kawai ya raba 109 da 110, kuma wannan ke yaudarar mutane. Tsohuwar sifirin mai falle-falle take da shi, sabuwar kuwa mai naɗi, wurin zaman inji da giyabos da sitiyari duk sun sha bamban. Ana iya tilasta musu zama tare, amma da yanka da walda mai yawa, wanda ya fi ƙarfin mai koyo. Haka Hilux: kowane zamani da inda kunnuwan shasinsa suke, kuma mai kai ɗaya da mai kai biyu ba wuri ɗaya suke zama ba. Bodin da ya fito daga mota irin taka, ƙirar zamaninta, shi ne zai zauna ba gardama. Ka auna tsakanin kowane rami da ɗan'uwansa a shasinka, a tsaye da a gicciye, ka rubuta, sannan ka kwanta ƙarƙashin wancan bodin ka gwada.

Abu na biyu shi ne hannun tuƙi. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972. Motocin da suka riga wannan rana, da waɗanda ake yankowa daga Ingila ko Japan, sitiyarinsu a dama yake, kuma doka ba ta yarda da mota mai sitiyari a dama a hanyoyinmu ba. Ramukan sitiyari da na birki da na kuloci duk a bangon gaba suke. Bangon motar dama ba zai karɓi kayan motar hagu ba sai an huda shi an sake gini. Irin wannan bodi, ka ɗauki ƙofofinsa da rufinsa da bayansa in suna da kyau, ka bar bangon.

Na uku, ka duba inda tsatsa take ɓuya. Bodin Land Rover alminiyam ne, ba ya tsatsa, sai mutum ya sake ya ɗauka duka lafiya. Bangon gaba da ƙashin cikin ƙofofi ƙarfe ne. Ka ɗaga tabarmar ƙafar direba ka soka sukudireba a kusurwa, ka duba ginshiƙin da ƙofa ke rataye a kai. A Toyota kuwa, wadda duk bodinta ƙarfe ne, ka duba daɓen ƙasa, da gindin ƙofofi, da gefen gilashin gaba. Ka riƙe ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ya ƙi kamawa a bodin ƙarfe, fila aka cusa aka shafe da fenti.

Wuri da kayan aiki

Aikin rani ne. Daminar Jos doguwa ce, daga Afrilu har Oktoba, wani lokaci har da ƙanƙara, kuma shasin da aka kankare ya kwana cikin ruwa zai wayi gari ja. Ana buƙatar daɓe mai ƙarfi, shimfiɗaɗɗe, wanda tsawonsa ya ninka na motar sau biyu, domin shasi za a turo daga ƙarƙashin bodi. Garin nan tudu da gangare ne, gidaje da yawa tsakar gidansu a karkace take. In taka haka take, ka nemi wurin maƙwabci.

Sifanun Toyota na milimita ne, 10 da 12 da 14 da 17 su ne za su fi shan aiki. Tsohuwar Land Rover notunanta na inci ne, kuma sifanar milimita da ta kusa dacewa ita ce ke murje kan noti ya koma kewaye. Sai jak mai ƙarfi, da katako masu kauri daga kasuwar Katako, waɗanda ba su da gaɓa ko tsaga, da gangunan ƙarfe huɗu, da bokitin yashi saboda wuta. Bulon siminti ba ya cikin kayan aiki. Yana ɗaukar nauyi a gini domin nauyin a baje yake, amma in ƙarfe ya danna shi a wuri guda sai ya fashe, kuma ba ya gargaɗi.

Kwancewa

Mako guda kafin a fara, kowace yamma a riƙa ɗiga wa notunan bodi kananzir da aka gauraya da baƙin mai. Notin da ya shekara talatin bai motsa ba, haƙuri ke kwance shi. Yaron gareji zai ce, "Oga, a sa masa wuta kawai." Wuta na aiki, amma sai bayan an cire tanki an kai shi nesa. A gajeriyar Land Rover tankin yana ƙarƙashin kujera. Tankin da aka zuƙe ya fi cikakke haɗari, domin tururin fetur ne ke fashewa.

Batir ake fara cirewa. A fara kwance kan da wayarsa ta tafi jikin mota, wajen mayarwa kuma shi ne na ƙarshe. A yawancin motoci kan mai alamar ragi ne, amma Land Rover da aka ƙera kafin 1967 kan mai alamar tarawa ne ke tafiya jiki, don haka a bi wayar da ido a tabbatar.

Daga nan sai a bi duk abin da ya tashi daga bodi ya sauka a shasi ko inji: sandar sitiyari, bututun birki da na kuloci, wayar totur, wayar sifidomita, sandar giya, hambirki, bakin tanki, tiyon hita, wayoyin wuta. Kafin a cire kowanne a ɗauke shi hoto da waya. Kowace wayar wuta a naɗa mata tef a rubuta lamba, a rubuta lambar a inda ta fito. Notuna a zuba su a gwangwanaye, kowanne da rubutunsa: ƙofar hagu, bangon gaba, bodin baya.  Bayan sati uku babu ƙwaƙwalwar da za ta tuna inda jar waya ta uku ta shiga.

Land Rover tana da sauƙi a nan, domin bodinta gunduwa-gunduwa yake fita: bonat, madigadi, rufi, ƙofofi, gilashi, daɓe, akwatin kujera, bodin baya, bangon gaba a ƙarshe. Mutum biyu ko uku sun isa. Kan Hilux da bodin Land Cruiser dunƙule suke, sai an ɗaga su gaba ɗaya. A rage musu nauyi, a cire kujeru da ƙofofi. In gindin bodin ya ruɓe, a ɗaure bakin ƙofar da ƙarfe a gicciye, don kada ya lanƙwashe a sama.

Ranar ɗagawa

Wannan ita ce ranar da ake samun karaya da mutuwa, saboda haka a karanta sashen nan sau biyu.

A danne tayoyi huɗu gaba da baya da katako. Kada a dogara da hambirki. Hambirkin Land Rover ba tayoyi yake kamawa ba, farfela yake riƙewa a bayan giya, in an kwance farfela ko taya ɗaya ta bar ƙasa, motar za ta iya gangarawa da hambirki a ja.

A ɗaga bodi kaɗan-kaɗan, gefe ɗaya taƙi guda, a cusa katako, a koma ɗaya gefen. Tsakanin kan jak da bodi a sa faffaɗan katako don kada ya huda daɓe. Da bodin ya rabu da shasi da kamar yatsa uku, a tsaya. A zagaya da tocila. Kusan kullum akwai abu guda da aka manta, wayar jiki ko tiyo ko noti ɗaya da laka ta rufe. In jak na tashi amma shasi na bin bodi, wani abu na riƙe, ƙarin ƙarfi ɓarna kawai zai yi. Idan ya tashi sosai, a zura manyan katako biyu ko ƙarafa a ƙarƙashinsa, gaba da baya, bakinsu ya fito waje da tayoyi, a ɗora su kan gangunan da aka cika da yashi. Sannan a turo shasi ya fito. In tayoyin baya sun ƙi wucewa, a sace musu iska.

Wasu suna rataya ƙugiya mai sarƙa a reshen bishiya. Bishiyar turare ta cika Jos, an dasa ta da yawa a tsofaffin wuraren haƙar kuza, kuma reshenta karyewa yake yi farat ɗaya. In za a rataya, a yi ƙafa uku ta bututun ƙarfe mai kauri. Ko ta wace hanya aka bi, mutum ɗaya ne ke ba da umarni, saura su yi shiru su saurara. Babu mai sa kai ko hannu tsakanin bodi da shasi. Abin da ya faɗa ciki a jawo shi da sanda. Yara kuma a fitar da su daga gidan gaba ɗaya, domin yaro ƙarƙashin mota yake fara leƙawa.

Shasi a fili

Yanzu aikin ya fara. A wanke shasi da ruwa mai ƙarfi, ciki da waje, har ruwan da ke fitowa daga ramuka ya daina zuwa ja. A Ingila gishirin da ake zubawa a titi lokacin ƙanƙara ne ke cin shasi. Mu ba mu da wannan, amma muna da namu. Shasin Land Rover akwati ne rufaffe, jar lakar damina tana shiga ta toshe ramukan da ruwa ke fita, sai ta zauna a ciki da danshinta har rani ya yi nisa, tana ci daga ciki. Motar da ta yi jigilar takin zamani zuwa gonakin dankali kuwa, duk abin da ya zube daga buhu ya jiƙe ya sauka kan ƙarfe, kuma taki na cin ƙarfe da sauri. Shi ya sa za ka ga shasi da fenti lafiya a waje, ka taɓa shi yatsa ya shige.

Ka ɗauki ƙaramar guduma ka bi shi taƙi-taƙi. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake yi, ruɓaɓɓe kuwa amonsa a mace yake, wani lokaci ka ji ɓarɓashi na zuba a ciki. Ka fi tsayawa a kunnuwan da suka fito gefe suna ɗauke da bodi, da gicciyen ƙarshe na baya inda ake ɗaura igiyar ja, da wuraren da sifirin ke rataye, da kewayen akwatin sitiyari, inda tsaga kan fito siririya. Duk inda ka yi shakka ka zagaye da alli.

Sai awo. Motar da ta taɓa faɗawa rami ko ta yi karo, shasinta kan goce ba tare da ido ya gani ba. Ka ɗaura noti a bakin zare, ka sake shi daga maratayin sifirin na gaba ta hagu har ya kusa taɓa ƙasa, ka yi alama da alli a daɓe. Ka yi haka a sauran kusurwoyi uku. Ka tura shasin gefe, ka auna daga alamar gaba ta hagu zuwa ta baya ta dama, sannan daga gaba ta dama zuwa baya ta hagu. Awon biyu ya kamata su zo daidai. In bambancin ya kai santimita guda, shasin ya karkace. Irin wannan mota ce ke tafiya a kaikaice, tana cin taya gefe ɗaya, kuma ko wane bodi ka ɗora mata ƙofofi ba za su rufu daidai ba. A kai shi wurin masu miƙar da shasi tun yana tsirara.

Wajen walda ina da magana da masu motoci, domin sau da yawa su ne ke matsa wa mai walda ya yi aikin araha. Ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri rufe ciwo ne, tsatsar na nan tana ci a ƙarƙashi. A yanke ruɓar har a kai ga farin ƙarfe, a sa sabo mai kauri irin na asali, wanda a tsohuwar Land Rover kusan milimita 2 ne, a yi waldar lantarki. Waldar gas da waya ta bodi ce. In an yi gami a dogon ƙarfen shasi, a ƙara masa faranti a gefe wanda ya wuce gamin ta kowane ɓangare. In kuma ruɓar ta kama dogayen ƙarafan biyu a wurare da yawa, gaskiya ita ce shasin ya gama aiki. Ɗora masa bodi mai kyau yaudarar kai ne, kuma yaudarar duk fasinjan da zai hau ne. Gara a nemi wani shasin, a koma ofishin lasisi da maganar.

Bayan walda a kankare, a shafa jan fenti mai hana tsatsa, a bi da baƙi, a buɗe ramukan ruwa, a fesa mai a cikin akwatin.

Tun da hannu na kaiwa ko'ina yanzu, a sauya bututun birki da na mai gaba ɗaya. Yau aikin awa biyu ne, bayan an rufe kuwa aikin kwana biyu ne a kwance a ƙasa. A sayi bututun da aka yi don birki. Bututun jan ƙarfe na firji da na'urar sanyaya ɗaki yana da sauƙin lanƙwasawa, shi ya sa ake sha'awarsa, amma girgiza na sa shi taurare ya tsage, kuma ranar da aka taka birki da ƙarfi yake tsagewa. A duba robobin inji da na giyabos, da bushin sifirin, da kuloci.

Zaunar da sabon bodi

Yadda aka ɗaga haka ake saukewa, a hankali, ana zura dogon ƙarfe a ramuka don su haɗu. Robobin da bodin Toyota ke zama a kai a sa sababbi duka. Guntun tsohuwar taya yana maganin ƙaramar tazara, amma ba ya maye gurbin robar da ke da bututun ƙarfe a tsakiya. Notuna a sa sababbi, masu lamba 8.8 a kai, a shafa musu giris saboda wanda zai kwance su nan gaba.

Kada a ɗaure ko ɗaya tamau sai duka sun shiga. A Land Rover a zaunar da bodin baya da bangon gaba, a auna bakin ƙofa hagu da dama su zo ɗaya, a rataya ƙofofi. Ƙofa ce ke nuna ko bodi ya zauna. In ta rufu da turi ɗaya, layinta ya bi layin bodi, to a ɗaure. In sai an ɗaga ta, a ƙara washa a inda ya yi ƙasa.

Duk inda alminiyam zai taɓa ƙarfe a raba su da roba ko fenti mai kauri. In suka haɗu ga danshi, alminiyam ne ke narkewa ya koma farin gari, shi ne farin ƙurar da ake gani kewaye da notunan ƙofa. Mai gyaran bodin da ya saba da ƙarfe kuma a tuna masa cewa alminiyam na narkewa a wajen digiri 660, kuma ba ya yin ja kafin ya narke. Yana cikin jiran ja sai ya ga rami.

Idan bodin ya ƙi zama saboda yana taɓa inji ko giya, akwai masu cusa guntayen ƙarfe su ɗaga shi sama. Duk abin da aka ƙara a tsawo yana sa mota saurin kifewa a kwana, musamman in an yi lodi a rufi, kuma yana ja wa sandar sitiyari da bututun birki. Daga nan ne ake kaiwa ga yanke sandar sitiyari a ƙara mata tsawo da walda. Wannan kada a yi shi, ko wane gwani ne zai riƙe waldar. In sanda ta gaza, a nemo wadda ta kai.

Birki, wuta da gwaji

A zuba sabon man birki daga rufaffiyar kwalba, domin wanda ya daɗe a buɗe ya sha danshi. A fitar da iska, a fara da tayar da ta fi nisa da masta, wato babban famfon birki. Feda ta tsaya da tauri, in tana nutsewa a hankali akwai yoyo. A kiyaye man birki da sabon fenti, yana ɗaye shi.

A mayar da wayar jiki mai kauri tsakanin batir da shasi, da inji da shasi, da bodi da shasi, a kankare fenti a inda za ta kama. In aka manta ta inji, wutar kik za ta nemi hanya ta wayar totur ko ta hambirki, ta gasa ta. Karon farko da za a haɗa batir a taɓa kan kawai a gani. In ya yi tartsatsi mai ƙarfi alhali komai a kashe yake, akwai wayar da ta sauka inda ba nata ba. Bel ɗin kujera a ɗaure shi a ƙarfe mai ƙwari da faranti a bayansa.

Gwajin farko a fili ne, ba kaya, ba fasinja. A juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe a ji ko yana taɓa wani abu, a taka birki a ga ko tana ja gefe. Sannan a zaga unguwa, a dawo a bi notuna. Bayan mako guda na aiki a sake bin su, domin sababbin robobi suna kwantawa. Motar da ba ta wuce wannan ba, kuma VIO bai duba ta ba, ba ta da hurumin sauka gangaren Hawan Kibo da lodi.

Aikin aji

Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Ku mayar da inci 88 da inci 109 zuwa santimita, ku fitar da bambancinsu. Wani ya auna shasinsa kusurwa zuwa kusurwa, ya samu santimita 312 a ɗaya, 314 a ɗayar: me za ku ce masa, kuma wa zai nema kafin ya ci gaba? Kowa ya rubuta rasit na sayen bodi da duk abin da ya kamata ya ƙunsa. Kafin zama na gaba, ku je gareji mafi kusa ku biyu-biyu, ku nemi izinin maigidan wurin, ku nemo lambar shasi da lambar faranti a mota ɗaya mai shasi, ku kwafo su a littafi, ku zo mu gwada ko sun dace.